Ranar da Aka Miƙa wa Yaya Makirufo

Yayata mace ce da ba a cin abincinta a yi shiru, domin ba ta bari. Kana kai loma baki tana tsaye a kanka, hannu a ƙugu, tana jiran yabo. In ka ce ya yi daɗi, ta ce ai ba ka ci komai ba tukuna. In ka ƙi magana, ta tambaye ka ko harshenka ne ya mutu. Haka take tun muna yara, haka take yanzu da furfura ta cika mata kai. Ni ce ƙanwarta, tela ce ni, shagona yana kallon ƙofar gidanta, kuma raina a ɓace nake wannan rubutu. Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya zaci waƙar yabo zan yi mata.

Amma in zan yi adalci, sai na fara da abin da ta iya. A ƙauye aka haife mu, kan tudu mai duwatsu, inda hatsi iri ɗaya ne ke yarda ya fito. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma a ƙasa ake sussuka shi, saboda haka rabinsa tsakuwa ne. Kakarmu ce ta koya wa Yaya yadda ake tsince shi, yadda ake dafa shi da busasshen ganyen daji, da lokacin da ake sauke tukunya. Ni ma an koya mini, sai dai hannuna ya fi son allura. Da aure ya kawo Yaya birni, ta tarar mutanenmu suna jin kunyar wannan abinci. Abincin talauci suke ce masa, su ɓoye shi in baƙo ya shigo. Ita kuwa ta kafa murhu a bakin masana'anta ta fara sayar da shi a fili, duk wanda ya yatsina fuska ta wanke shi tas. Da mijinta ya rasu, da wannan tukunya ta raini 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Wannan kam ko maƙiyinta ba zai musa ba.

Autanta ne ya fi shiga raina. Mai walda ne, kuma gwani, irin wanda in ya haɗa ƙarfe biyu sai ka shafa da yatsa kafin ka gane inda suka haɗu. A masana'antar da uwarsa ke sayar da abinci ya yi aiki, har ranar da aka rufe ta aka sallami kowa. Da farko yana fita neman wani aikin. Daga baya ya rage fita, sannan ya daina. Ya shige ɗakinsa da ke ƙarshen tsakar gida ya ja ƙofa. Ya daina aski, ya daina wanka sai an yi da gaske, ya daina amsa sallama. Saurayin da ke shigowa shagona yana tsokanata wai ɗinkina ya fi waldarsa karkata, ya koma in na yi masa magana sai ya kalli ƙafafunsa.

Yaya ta ce gajiya ce. Da abin ya yi tsawo ta ce abincin kanti ne ya lalata masa jini. Na ce mata yaron nan ba shi da lafiya, mu kai shi asibiti a duba shi. Ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, kuma in na sake faɗa za ta manta nono ɗaya muka sha. Ta daina yi mini magana, ta kwashe atamfofinta ta kai wa wani tela a bakin kasuwa. Ya ɗinka mata riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta dawo mini da ita ba ko gaisuwa, ta ajiye a kan keke ta fita. Na gyara, da haka muka shirya.

A wannan lokacin ne ƙungiyar unguwarmu ta fara taron ranar Asabar a wani tsohon sito da aka share aka zuba kujeru. Abu uku ake yi. Akwai teburin neman aiki, inda masu shaguna da 'yan kwangila kan zauna su ga wanda za su ɗauka. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti, wadda kowa ke kira Malama, da aka turo don ta saurari masu damuwa da waɗanda tunani ya yi wa yawa. Sannan akwai abincin kakanni, wanda aka roƙi Yaya ta riƙa dafawa don yara su san tushensu. Teburin aiki kullum a cike. Tukunyar Yaya kullum sai an kankare ta. Teburin Malama kuwa ko ƙuda ba ya sauka a kai. Wane magidanci ne zai ja kujera ya zauna a wurin, surukinsa yana kallo?

Malama ba ta da girman kai, kuma tana da ido. Ta lura cewa a bayan sito, bakin ƙofar kicin, akwai maza zaune a kan benci kowa da tire a cinya. Yaya ce ta kafa doka: wanda bai tsinci tsakuwa ba, ba zai ci ba. Ba don komai ta yi haka ba sai don bayanta na ciwo kuma idonta ya fara rauni. Tsintar hatsin nan aiki ne na sunkuyar da kai. Ba ka kallon na kusa da kai, shi ma ba ya kallonka, kuma aikin ba ya ƙarewa da wuri. Sai Malama ta bar teburinta, ta nemi tire ta zauna a cikinsu. Ba ta iya ba, tana zubar da hatsi tana barin tsakuwa, Yaya na yi mata faɗa kamar 'yar cikinta, maza na dariya. A haka magana ta fara fitowa. Wani tsohon direba ya faɗi yadda barci ya ƙaurace masa tun da ya yi haɗari. Wani ya ce yakan fita da safe da takalmin aiki don kada matarsa ta san an kore shi. Ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya ce ayya. Kuma ba a taɓa zama an yi yarjejeniya ba, amma kowa ya sani abin da aka faɗa a kan tire ba ya barin bayan sito.

Auta ya fara zuwa ne don hannun babbar tukunya ya ɓalle, uwarsa ta tsaya a ƙofarsa tana masifa har ya gaji ya fito. Ya ari injin walda ya gyara. Kafin ya gudu ta ɗora masa tire. Ya yi Asabar da yawa yana tsinta bai ce uffan ba. Ban san ranar da ya fara magana ba, domin ban kasance a wurin ba, kuma ba hurumina ba ne in tambaya. Abin da na sani shi ne wata safiya ya shigo shagona da 'yar kwalbar magani, ya ce Malama ta raka shi wurin likita, ya roƙe ni in ajiye masa don kada Umma ta gani ta zubar. Na sa a akwatin maɓallai. Kullum da safe sai ya leƙo kamar mai gaisuwa, ya sha, ya wuce. A hankali ya yi aski. Wata rana ya ɗaga wata riga da nake ɗinki ya ce, "Inna, wannan wuyan ai ya karkace." Na kore shi da almakashi, ina juya baya na share hawaye.

Da ya ji ƙarfi, Malama ta ba shi shawara ya zaɓi mutum ɗaya a gida ya faɗa masa komai, don kada ya riƙa ɗaukar kayan shi kaɗai. Ya zaɓi uwarsa. Ina zaune a tsakar gidan ina tsinke zare lokacin da ya durƙusa a gabanta. Ya faɗa mata cewa a kwanakin da ya shige ɗaki, akwai ranar da ya fita ya tsaya a kan babbar gada, ya daɗe yana kallon ƙasa, kuma bai san abin da ya dawo da shi gida ba. Yaya ta rungume kansa ta yi kuka sosai. Na ce a raina yau dai ta gane. Sai ta share fuska da bakin zane ta ce, to ka ga amfanin abincin kakanninka, tun da ka koma cinsa ga shi ka warke. Auta ya kalle ni, na kalle shi, muka bar ta a haka.

Ana cikin haka wani mai shagon ƙera ƙofofi da tagogi, wanda ake kira Mai Ƙarfe, ya zo teburin neman aiki. Ya leƙa kicin neman ƙari, idonsa ya faɗa kan hannun tukunya. Ya shafa, ya tambayi wanda ya yi aikin. Aka kira Auta. Suka yi magana a tsaye, Mai Ƙarfe ya ce yana neman babban mai walda da zai riƙe masa shago, kuma in an gama babban taron cika shekara da ke tafe, Auta ya zo ya fara. Ranar yaron nan ya shigo shagona ya kasa zama. Aikin nan shi ne komai a wurinsa. Ba cin abinci kawai ba, abin da zai sa ya tashi da safe ya san inda za shi.

Babban taron ne ya kawo mu inda muke. Ciyaman na ƙungiya, mutum mai son a ga an yi, ya ce manyan baƙi za su zo, masu ba da tallafi da masu ɗaukar hoto, saboda haka dole a karrama Yaya. Uwa kamar wannan, in ji shi, ba za a bar ta cikin hayaƙi a ranar farin ciki ba. Aka sayo hatsin da inji ya riga ya tace, a cikin leda. Aka ɗauko 'yan mata su dafa. Aka kwashe bencinan bayan sito aka kai cikin zaure don baƙi. Malama aka ba ta wani ɗan ɗaki, aka manna babban allo mai bayyana aikinta a ƙofar, daidai gefen teburin masu ɗaukar aiki. Ta yi magana, ta ce ba wanda zai shiga, a bar mata bayan sito da tirenta. Ciyaman ya ce baƙi suna so su ga tsari. Yaya kuwa baki har kunne. Ni na ɗinka mata kayan da ta sa, har da aiki a wuya, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin hannuna. Ina gwada mata na ce, Yaya, in an ba ki magana ki taƙaita. Ta ce in riƙe allurata, ita ta san bakinta.

Ranar taro zaure ya cika. Auta ya sa farar riga da na goge masa, yana zaune kusa da Mai Ƙarfe suna hira ƙasa-ƙasa. Aka kira Yaya, aka miƙa mata makirufo. Wallahi da farko ta burge ni. Ta yi maganar kakarmu, da tudunmu, da shekarun da mutanenmu suka yi suna ɓoye abincinsu kamar kayan sata. Ta ce wanda ya raina tukunyar uwarsa bai san kansa ba. Zaure ya ɗauki tafi. Nan ya kamata ta zauna. Amma matar da ta shekara arba'in tana roƙon yabo loma-loma, yau ga shi an juye mata gaba ɗaya, ina za ta iya saki? Wata baƙuwa a sahun gaba ta tambaya cikin fara'a ko abincin yana da amfani ga lafiya. Na ga Yaya ta gyara tsayuwa.

"Amfani? Ga shaida nan a zaune," in ji ta. "Ɗana ne, autana. Kansa ya taɓu, ya shige ɗaki ba wanka ba magana. Har kan gada ya je zai faɗa. Da me na dawo da shi? Da abincin nan. Auta, tashi su gan ka."

Ya tashi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Uwarsa ta ce ya tashi, shi kuma yaro ne mai biyayya, sai ya miƙe a tsakiyar mutane da farar rigarsa, hannuwansa a gefe. Aka yi ta tafi. Masu hoto suka juyo kansa. Wata mata ta ce Allah sarki da ƙarfi. Na ga Mai Ƙarfe ya ɗan ja kujerarsa gefe, kaɗan dai, yadda mutum ke yi in ruwa ya zubo kusa da takalminsa. Na waiga baya na ga Malama a ƙofar ɗakinta ta dafe kai. Mazan da ke tsinta tare da Auta kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka sulale suka fita, tsohon direban ne a gaba. Kowannensu yana lissafin abin da ya taɓa faɗa a bakin kicin ɗin matar nan.

Auta bai gudu ba. Ya jira aka gama tafi, ya zauna, ya jira aka yi addu'ar rufewa, sannan ya tafi gida a ƙafa. Kafin yamma Ciyaman ya sa hoton bidiyon a waya, da rubutu a ƙasa wai ga irin nasarar da ƙungiya ke samu. Na same shi a gaban mutane na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa namiji ba. Ya goge, amma ina amfani, ya riga ya zaga unguwa.

Ba a daɗe ba Mai Ƙarfe ya aiko a gaya wa Auta ya ɗan dakata. Wai shagonsa akwai wuta da tukunyar gas, akwai masu koyon aiki, ba zai iya ɗaukar alhaki ba. Mutumin da ya shafa waldar yaron nan da yatsansa ya yaba. Hannun bai sauya ba, idon bai sauya ba, maganin ma yana sha. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu ya ji. Na tsani irin wannan tsoro mai sanye da rigar hankali, kuma ban ɓoye wa ɗan aiken ba.

Auta ya koma ɗaki ya ja ƙofa. Ya daina leƙowa shagona, ni nake kai masa maganin in tura ta ƙarƙashin ƙofa a cikin takarda. Malama tana zuwa gidan, ita kaɗai yake buɗe wa, kuma ta ce mu riƙa sa ido kada a bar shi shi kaɗai a gida. Asabar ta zagayo aka mayar da bencinan bayan sito, Yaya ta jera tire, ba wanda ya zo ya ɗauka. Ta zauna ta tsince abinta ita kaɗai da idonta mai rauni, abincin ranar duk tsakuwa.

Kuma duk da haka ba ta ga laifinta ba. Ta shigo shagona tana cewa me ta faɗa da ba gaskiya ba, ai alfahari take yi da shi, ai nuna wa duniya ta yi cewa ɗanta ya warke. Na tsayar da keke. Na ce mata yaron nan ya duba duk duniya ya zaɓe ki, ya durƙusa ya ba ki abin da ya fi komai nauyi a ransa, ke kuma kika kai kasuwa kika sayi tafi da shi. Na ce ba abincinki ya warkar da shi ba, ga maganinsa nan a akwatin maɓallai, wata da watanni yana sha a ɓoye don tsoron bakinki. Na buɗe akwatin na nuna mata. Ta daɗe tana kallon kwalbar. Ta ce ashe har da ni a cikin masu munafuntarta, ta fita.

Washegari da hantsi ta leƙo ta ce in rufe shago in raka ta. Ba ta faɗi inda za mu ba sai da muka tsaya a ƙofar shagon Mai Ƙarfe. Ta ce in jira a waje. Ta cikin ƙarafan taga na hango ta, matar da ko a gaban mijinta ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa ba, ta durƙusa a kan simintin da ya sha baƙin mai. Ƙarar injin yankan ƙarfe ta hana ni jin komai, bakinta kawai nake gani yana motsi, hannunta na nuna kai, yana nuna ƙirji. Ta daɗe ƙwarai. Mai Ƙarfe yana ta cewa ta tashi, ya kawo mata kujera, ya kawo ruwa, ya rako ta har bakin titi da ladabi. Ya ce zai yi tunani. Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san ma'anar wannan.

Muka dawo gida. Ta wuce kai tsaye ƙarshen tsakar gida, zanenta baƙi ƙirin a gwiwa, ta tsaya a ƙofar Auta. Ta ƙwanƙwasa a hankali, abin da ban saba gani ba. Ta ce masa ta je wurin mutumin. Ta ce ta durƙusa masa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa ɗan Adam ba, ta yi masa bayanin komai tun daga farko don ya tausaya. Ta ce duk don kai na yi, Auta. Sannan ta tsaya tana jira, kuma na san godiya take jira.

Aka ɗauki lokaci. Sai muka ji motsinsa kusa da ƙofa, muryarsa ta fito a sanyaye, ba faɗa a cikinta.

"Umma, me kika ƙara faɗa masa?"

Ta juyo ta kalle ni. Ban taimake ta ba. Na ga tana bin maganganun da ta yi a shagon ɗaya bayan ɗaya, na ga fuskarta tana sauyawa. Ta dafa bango ta zauna a ƙasa, domin akwai abin da ta ƙara daga cikin sirrinsa.